Bangon da Kakanku Ya Shayar

Da Sallar layya da ta wuce, kuna zaune a tsakar gida kuna shawarar rushe tsohon ɗakin nan na baya don a sami wurin ajiye mota, na ji Abba ya ce ai ɗakin ba wani abin kewa ba ne, ko kakanku ma bai so shi ba, tunda shi ya lalata allunan simintin da aka fara zubawa don baƙin ciki. Kuka yi dariya kuka shiga wata magana. Ina daga ciki ina jinku. Wannan zance ya daɗe yana yawo a Wurogauri, ya girme ku duka, kuma ƙarya ce. Waɗanda suka san yadda aka yi duk sun riga mu gidan gaskiya, saura ni, ni ɗin ma haƙorana sun fara yin gaba suna barina. Shi ya sa na ce bari in ajiye muku shi da ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci, ku karanta kafin ku kira masu guduma.

Ni 'yar Gwandu ce, kun sani. Baffana yana da gona da 'yan shanunsa, mutum ne mai magana ɗaya. Babanku kuwa aikin rijiya ya kawo shi garinmu, 'yan shekaru kafin Turawa su tafi, lokacin da ake bin ƙauyuka ana haƙa rijiyoyin siminti. Su ne masu zuba kankare a cikin wani ƙarfe zagayayye, in ya kama ya zama zobe, su zura shi cikin rami ɗaya bisa ɗaya har rijiya ta tashi. Mu 'yan mata muka mai da wurin abin kallo, wai mun zo ɗiban ruwa, alhali ruwan bai ko fito ba. A cikinsu akwai wani siriri marar magana, hannuwansa kullum fari fat da siminti, wanda in an yi masa ba'a sai ya yi murmushi ya ci gaba da aikinsa. Ni na gan shi na ce ya yi mini, Baffa ya binciki asalinsa ya yarda, aka kai ni Wurogauri.

Gidan shi ne wannan da kuka sani, a bakin fadama. Mutum uku na tarar: babanku, wanda shi kaɗai ne ɗan da ya rayu musu, da Inna, da kakanku. Sunansa har yau bakina bai iya furtawa ba, shi ya sa wanda ya ci sunan nake ce masa Abba. Magini ne, ɗan magini, jikan magini. Gajere mai faɗin ƙirji, da muryar da in ya kira jaki a nan sai na Kalgo ya waiwayo. In ya ɗebi ƙasa ya murza a yatsa ya ɗanɗana, zai gaya maka ko za ta yi tubali ko ba za ta yi ba, kuma sorayen da ya gina a Kalgo wasu suna tsaye har yau. Yana da jakuna biyu masu ɗauko masa ƙasa, ya zage su da safe, ya ba su dusa da hannunsa da yamma. Ina jin nauyinsa yadda kowace suruka take ji, in na hango shi na durƙusa tun daga nesa, shi kuma ya amsa gaisuwa yana kallon wani wuri. Amma da na haifi yayarku Jummai, wadda ba ku sani ba, sai na ga wani mutum dabam. Amaryarsa yake ce mata. Ya dawo daga aiki jiki duk laka, ya tsaya a ƙofar ɗakina yana tambaya ko amarya ta tuƙa masa tuwo, ita kuma ta rarrafo ta kama masa gemu. Ɗakin nawa na farko ma shi ya gina shi da hannunsa saboda aurena, ya yi masa zane a ƙofa ya shafe shi da makuba.

Daminar da Jummai ta fara tafiya aka yi marka irin wadda ba ta ɗaukewa, yau ruwa gobe ruwa. Fadama ta taso ta kwanta a gindin bangon ɗakina ta baya, inda ba a gani daga cikin gida. Wata rana bayan azahar yarinyar ta yi barci, na shimfiɗe ta a jikin bangon nan, na fita in kwashe itacen da ruwa yake duka. Ban ji wata babbar ƙara ba. Wani sauti na ji kamar an sauke buhu daga kan jaki, da na leƙa sai na ga haske a inda bango yake. Kakanku ne ya fara isa. Da hannu ya tone ƙasar, ƙasar da shi ya kwaɓa, shi ya ɗauko yarinyar ya miƙa wa Inna. 'Yar fari ce, kuma a wurinmu uwa ba ta nuna son ɗan fari a gaban mutane, ko kukansa ba ta yi da ƙarfi. Na zauna zaman makoki kaina a ƙasa, mata suna yaba haƙurina, ni kaɗai na san abin da yake cina.

Da aka share makoki, kakanku ya aiko Inna ta gaya mini da kaka zai tayar mini da sabon ɗaki wanda ya fi na da kauri. Na ce ta ba shi haƙuri, ba zan iya sake rufe ido a jikin bangon ƙasa ba. Ba raini ba ne. Na gwada a ɗakin Inna, da na kwanta sai in ji bango yana motsi, in tashi in yi waje. Inna ta kai masa amsar, ta ce ya dai ɗauki butarsa ya fita. Babanku ya kawo shawarar a kafa mini bukkar zana, kakanku ya ce muddin yana numfashi ba macen da za ta kwana a bukka a gidan magini. Barin gidan kuma bai taso ba, don babanku ba zai bar tsofaffi biyu su kaɗai ba. Da abin ya cije, aka kai ni wurin Goggo Dije, ƙanwar Baffa da take aure a Kalgo, wadda take da rumfar zana a tsakar gidanta. Baffa ya zo daga Gwandu ya saurari kowa, sannan ya kira babanku a gabana.

"Na ba ka daga yanzu har ruwan shuka," ya ce. "In ruwa ya sauka ɗiyata ba ta da ɗakin kwana gidanka, in taho in ɗauki abata. Ba hwaɗa, ba gaba."

Kowa ya san ma'anar wannan. In Baffa ya mai da ni Gwandu auren ya ƙare ke nan, ni kuwa ina son mijina, bangon nake gudu.

Babanku bai yi mini alkawari da baki ba, ba halinsa ba ne. Sai da aka kwashe shinkafa, wata yamma ya zo gidan Goggo ya zauna a bakin rumfa, ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa. Ya ce zoben rijiyar da suke zubawa yana zama cikin ruwa shekara da shekaru, maimakon ya narke sai ƙara ƙarfi yake yi. Ya ce shugaban aikinsu, wani Banufe da ya yi yawon kudu, ya ba shi labarin wani shinge da ya gani can. Ana kafa ginshiƙai na kankare masu tsaga a gefe, sannan a zuba alluna na kankare a kwance a ƙasa, in sun kama a ɗaga su a zura cikin tsagar, ɗaya bisa ɗaya. Ya ce in shinge ya tsaya ɗaki ma zai tsaya, a ɗora masa jinkar ciyawa marar nauyi. Goggo Dije, wadda ba ta barin magana ta faɗi ƙasa, ta ce wato rijiya zai gina mini a tsaye in shiga in zauna. Ya yi murmushin nan nasa ya ce e, kusan haka ne. Ni ban yi dariya ba. Na dubi zanen nan, na ji numfashina ya sauka har ciki, abin da rabona da shi tun ranar Jummai.

Siminti a lokacin ba abin da talaka yake taɓawa ba ne, sai a kanti a Birnin Kebbi. Babanku ya sayar da kekensa, wanda shi ne abin alfaharinsa, ya haɗa da rabonsa na shinkafa ya sayo. Ya sa kafinta ya haɗa masa akwatunan katako marasa zurfi, ya tara ƙarfen da ake ɗaure dilar auduga don ya shimfiɗa a ciki, ya ɗebo yashi daga gulbi, ya tankaɗe tsakuwa. Duk wannan a ranakun hutu, don aikin rijiya ya koma can Masama da Maruda, kuma yanzu a ƙafa yake zuwa in bai dace da motar kaya ba. Ginshiƙan ya fara zubawa, ya zauna a kansu har suka kama, suka fito lafiya lau. Mutanen gari suka sami abin yi. Wasu suka ce kaburburan Nasara yake jerawa a bayan gida, wasu suka ce ɗan magini ya tsallake ƙasar ubansa ya koma wasa da toka. Kakanku bai hana ba, bai kuma duba ba. In zai zaga baya sai ya bi ta ɗaya gefen. Ku fahimce shi: kowane buhun siminti da ya shigo gidan nan, a kunnensa cewa yake yi bangonka ne ya kashe yarinyar. Ba wanda ya taɓa faɗa masa haka, amma ba ya bukatar a faɗa. Uba da ɗa suna cin tuwo a kwano ɗaya, suna maganar gona da jakuna, ba mai ambaton abin da yake kwance a bayan gida.

Allunan sai da bazara ta shigo ya samu zubawa, lokacin ina da cikin Abba har ya fara nauyi. Ya zuba su a jere, ya lulluɓe su da tsofaffin tabarmi da buhuna, ya jiƙa su sharkaf, ya bi da ciyawa a sama. Washegari aka aiko daga Maruda ana nemansa. Ya biyo ta gidan Goggo ya gaya mini ya shayar da su yadda za su jira shi, jibi yana nan. Ya ce abin nan ba ya son rana yana ɗanye, sai ya sha ruwa a inuwa kwana da kwanaki kafin ya yi ƙarfi. Ni ya gaya wa, wadda ba ta gidan. Mutumin da yake kwana kusa da allunan bai gaya masa ba, don tsakaninsu ba a maganar.

Aiki ya riƙe shi bai dawo jibin ba. Da na ga haka, na ce wa Goggo zan je gai da Inna, a raina kuwa so nake in ƙara musu ruwa. Da la'asar na zaga bayan gida da tulu, sai na tsaya cik. Tabarmin nan duk an kwashe an naɗe an jingine a jikin rumbu, tsaf. Allunan suna kwance a rana, sun yi fari. Kakanku yana tsugune a tsakaninsu da 'yar tsintsiya, yana share musu ƙura a hankali yana bi da tafin hannu, yadda na sha ganin yana yi wa tubalinsa in ya shanya. Tun rasuwar Jummai bai yi mini magana ba in ban da amsa gaisuwa. Ranar, ko ɗagowa bai yi ba, ya ce:

"Yaron ga bai san aiki ba. Ya aje tubali ya ruhe shi da jiƙaƙƙar tabarma, yaushe za shi bushe? Ga damana nan tahe. Tun randa yat tahi na buɗe mai su, su sha rana. Ki hwaɗa mai kar shi damu, ina duba su."

Wannan shi ne abin da na gani da idona, kuma shi ne dalilin rubutun nan. Mutumin da ya tsufa yana shanya tubali, wanda ubansa da kakansa suka koya masa rana ce take ba gini ƙarfi, ruwa kuwa maƙiyinsa ne, shi ne ya haɗiye abin da yake ransa ya zo ya taimaki ɗansa da iyakar abin da ya sani, don in dawo gidan kafin ruwa. Daga inda nake tsaye ina hango tsaga siri-siri a fuskar allunan, na san an riga an makara. Na ajiye tulun na durƙusa, na yi masa sannu da aiki. Na koma Kalgo ina kuka a hanya, kukan da ban yi a makoki ba.

Da babanku ya dawo, ya kira maƙwabta su taya shi ɗaga allo ɗaya. Suna ɗagawa ya karye a tsakiya, gefensa yana marmashewa a hannu. Na biyu ma haka. Ya sallami mutanen ya zo wurina, na gaya masa abin da na gani da saƙon da aka ba ni. Ya sami wuri ya zauna. Keke ya tafi, shinkafa ta tafi, ga hadari ya fara leƙowa ta gabas. Na ɗauka zai yi fushi, don ko ni da ba ni na zuba ba raina ya ɓaci. Sai ya miƙe ya ce bari ya je ya yi wa Baba godiya. Inna ce ta ba ni labarin sauran, tana bayan zana tana ji. Ta ce ya durƙusa ya gode masa da ya kula masa da aiki, sannan ya ce:

"Baba, laihina ne da ban hwaɗa maka ba. Wanga tubali ba irin namu ba ne. Namu rana shika so, wanga ruwa shika so. In ka yarda, in na sake zubawa kai za ka riƙa min shi."

Inna ta ce tsohon ya tashi ya zaga baya, ya ɗauki gutsuren allo ya murza a yatsa ya kai baki, kamar yadda yake yi wa ƙasa. Ya tsaya a nan har aka kira magariba. A ƙofar masallaci, da mutane suka fara yi wa babanku dariya wai tokar Nasara ta ba shi kunya, kakanku ya daka musu tsawa ya ce ba laifin toka ba ne, shi ya lalata su da hannunsa. Bai ƙara bayani ba, don ba mutum ne mai wanke kansa ba. Daga nan zancen da kuka gada ya samo asali. Sun ji ya ce shi ya lalata, suka cike sauran da abin da yake zukatansu.

Ranar kasuwa ya kora jakunansa zuwa Kalgo, ya dawo da igiyoyinsu a hannu. Ku da kuka tashi kuka ga mota ba za ku gane ba. Magini marar jaki ya bar sana'a ke nan, don ba mai ɗauko masa ƙasa, kuma ƙarfin da zai ɗauka a ka ya wuce. Bai yi shawara da kowa ba. Ya ce wa babanku ya tafi Birni ya sayo tokar. Babanku shi ma ya aika Maruda cewa a ba wani gurbinsa, don ba zai sake barin alluna ɗanye ya tafi ba. Aikin albashi ne ya bari, irin wanda a zamanin in mutum ya samu ake zuwa yi masa barka. Noma ya kama har ya rasu, kuma ban taɓa jin ya goranta mini ba.

Suka sake zubawa su biyu. Wannan karon kakanku ya karɓi shayarwa, bai yarda kowa ya taya shi ba. Safe, rana, yamma, za ka gan shi da tulu daga fadama zuwa bayan gida, tsoho mai furfura, zane ɗaure a ƙugu. In ya ɗaga gefen tabarma ya ga wuri ya fara bushewa, sai ya hau allon da faɗa kamar yadda yake yi wa jakunansa. Masu wucewa suna tambayarsa yaushe dutsen zai tsiro, ya ce su dawo da kaka su sayi iri. Da aka zo kafawa kuma, shi ya nuna inda ruwan fadama yake biyowa, ya sa aka cike ƙasan ɗakin da birji ya yi tudu, aka haƙa wa ginshiƙai rami mai zurfi. Shi ya ce wannan abu zai yi zafi da rana, ya sa aka yi jinka mai kauri mai saukowa ta yi wa bango inuwa. Ya so ya yaɓe cikin da ƙasa don sanyi, har ya kwaɓa, sai ya tuna ko don wa ake ɗakin, ya bar kwaɓin ya bushe a wurin. Ranar da aka ɗaga allo na farko, Goggo Dije ta ce rabin Wurogauri suna tsaye suna jiran ya karye. Aka zura shi tsakanin ginshiƙai ya zauna daram. Kakanku ya ƙwanƙwasa shi da sanda, ya yi ƙara kamar sabon tulu, sannan ya juya ya kalli jama'a ɗaya bayan ɗaya.

Ruwan shuka ya sauka ana kan ɗaura jinka. Baffa bai yi jinkiri ba, sai ga shi da jakin da zai ɗauke ni. Aka raka shi ya ga ɗakin. Ya zagaye shi, ya sa kafaɗa ya tura, ya karce shi da farce, ya ce shi dai bai taɓa ganin bangon da aka gina a kwance aka tayar ba. Sannan ya ce ba shi zai kwana ciki ba, a tambayi mai kwana. Na shiga ni kaɗai. Ɗaki ne ɗan ƙarami, toka-toka, ba zane ba makuba, bai kai kyan wancan ba ko kusa. Na dafa bangon da yake kallon fadama, na zauna na jingina da shi, na rufe ido na jira in ji ya motsa. Da na fito na ce wa Goggo a kawo mini kayana. Baffa ya koma Gwandu da jakinsa ba kaya.

Amma ɗakin bai ga ruwa na gaske ba tukuna, kuma duk mun san haka. Ina kwana a ciki, sai dai da kunne ɗaya a buɗe. Da damina ta yi tsakiya, Abba yana jariri, aka sake yin marka irin ta bara, fadama ta taso har gindin tudun da aka yi. Wata rana bayan azahar aka kece da ruwa da iska. Ina zaune a ƙofa da Abba a cinya, na kasa ajiye shi. Babanku yana gona. Inna ta leƙo daga ɗakinta tana tambaya ko na ga maigidan, ya fita ba ko malafa. Na goya yaron na yafa tabarma na zaga baya, sai ga shi tsaye cikin ruwa har ƙwauri, a gindin bangon da yake kallon fadama, ya dafa shi da hannu biyu, ruwan jinka yana zuba masa a ka. Ba tokare shi yake yi ba, dafawa kawai ya yi yana saurare. Na manta da kunya, na kira shi Baba, na ce ya shigo, bangon ba abin da zai same shi. Ya juyo ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba.

"Na sani, ɗiyata," ya ce. "Koma ciki ki kwantar da yaron. Wancan bangon ban zagayo na duba ba. Wanga ina nan."

Na koma na shimfiɗe Abba a jikin bango, na kwanta kusa da shi ina jin ruwa yana dukan jinka. Ban farka ba sai da aka kira la'asar.

Kakanku bai ƙara gina ko rumbu ba bayan wannan. Ya yi 'yan shekaru yana zama a inuwar ɗakin nan da jikoki a cinya, in baƙo ya zo ya miƙa masa sanda ya ce ya ƙwanƙwasa ya ji. A cikinsa na haife ku duka, kuma har yau ba allon da ya tsage. Gida naku ne yanzu, in mota ta fi bukatar wurin ku rushe, ba zan hana ba. Amma Abba, kai da kake ɗauke da sunansa, kafin a sa guduma ka zaga baya ka dafa bangon nan. Ranar da kake kwance a jikinsa kana barci, mutumin da ka ce bai so shi ba yana waje cikin ruwa yana tsare maka shi.